Falankin da Ya Kai Ni Fatakwal

Abokan zamana na bakin shago sun daɗe suna damuna in ba su labarin zuwana Fatakwal. Duk sanda aka taɓo zancen kudu sai wani ya ce, "Ga Garba nan, shi da ya sha ruwan can." Nakan ba su labarin dodon koɗi da ruwan sama, a yi dariya a watse. Sauran ban taɓa faɗa ba. Yanzu da gemu ya yi fari na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya. Wanda zai zarge ni ya zarga, da gaskiyarsa.

Ni kafinta ne. Ni da yayana Inuwa muke da shago a Fagge. A daminar sittin da shida muka sami aikin teburan wata makaranta, aiki mafi girma da muka taɓa samu. Saman teburan da filawud muka yi, wato falankin nan da ake haɗawa da siraran fallayen katako, a shafa musu gam, a jera su, a matse a inji mai zafi har su zama abu ɗaya. Daga wata masana'anta a Fatakwal ake kawo mana shi. Ba a yi wata biyu da kai teburan ba hedimasta ya aiko kiranmu. Muka tarar fallen sama ya yi bororo kamar ƙunar wuta, gefe ya buɗe baki, ɗalibai suna sa farce suna ɗaye shi. Hedimasta bai zage mu ba, ya dai ce shi bai taɓa ganin tebur mai saɓa kamar maciji ba.

Muka rubuta wa masana'antar wasiƙa biyu, shiru. Yaya ya ce, "Ka je da ƙafarka. Ka ɗauki guntaye ka ajiye musu a gaba. Sunanmu ne ke ɗayewa, ba katako ba."

Lokacin ƙasa ba ta zauna ba. An yi tarzoma a garuruwanmu kafin ruwa ya sauka sosai, sojoji sun sake juya mulki, Ibo da yawa sun kwashe sun tafi gida. Amma wasu sun fara dawowa, domin rediyo kullum cewa take komai ya lafa. Ni na yarda da rediyo. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba shi ne babba ba.

Na hau jirgin ƙasa da ƙunshin guntayen falanki a cikin zane. Kafin mu kai Kafanchan iska ta fizge min hula ta taga, sai da rawanin wani Bazazzagi na rufe kaina, har mutanen taragon suka koma kirana liman. A gadar Makurɗi jirgi ya tsaya, sojoji suka shigo bincike. Ɗaya ya zunguri ƙunshina da bakin bindiga, na kwance. Ya ɗauki guntu ya juya, ya sa farce ya ɗaye falle, ya kalle ni ya ce da Turancin Buroka wai wannan na ɗauko tun daga Kano? Ya kira ɗan'uwansa suka yi ta dariya. Ni dai na gode Allah da dariya ce.

Daga nan ƙasa ta canja. A tashar Inugu wata mata mai kwandon kifi da muke zaune tare ta sayi wani abu a ganye ta miƙo min. Na zaci alale ne, na kai babbar loma, ashe na gurjiya ne, ya tsaya min a wuya. Ta yi ta dukan bayana tana faɗa, kamar uwar da ta haife ni. A garinmu mace ba za ta taɓa baƙon namiji haka ba, amma ba don ita ba da ban kai Fatakwal da rai ba.

Masaukina a Diyobu yake, wajen da suke kira Mil Biyu, gidan Alhaji Tanimu. Bakano ne, abokin marigayi mahaifinmu, ya fi shekara ashirin a can yana fataucin fulawa da wake da albasa. Ya karɓe ni kamar ɗa. Sai da ya tambayi mutanen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, na raye da na mace, sannan ya bar ni na sha ruwa. 'Ya'yansa kuwa in suna gaishe shi Hausa ce zalla, da sun juya baya sai Buroka da Ibo. Ɗakin baƙi ya cika da fatake, sai aka shimfiɗa min tabarma a sito, tsakanin buhunan fulawa. Kowane buhu da alamar Alhaji, zanen allo da shuni.

Ruwan Fatakwal ba ya jin kunya. Mu a nan hadari kan haɗu, ya yi gargaɗi, ya zubo, ya tafi. Can sai ya kwana uku yana yi, tufafi ba sa bushewa, takalmi ya yi fumfuna. Abincin farko da aka kawo min teba ce da miyar ganye da manja, cike da wasu ƙananan dodon koɗi. Na yi ta tauna su da ɓawo har haƙorina ya yi ƙara. Alhaji ya bar ni na sha wuya sannan ya nuna min tsotsa ake yi.

Washegari na je masana'antar. Manajan wani Bature ne mai jan wuya, ya dubi guntayena ya ce ba ni kaɗai ba ne, 'yan kasuwar Aba ma sun dawo da kaya. Ya ce za a canja min, amma sai an gano inda ɓarnar take, in ba haka ba abin da na kawo shi zan koma da shi. Ya sa aka kai ni wajen mai kula da injin matsi.

Ina shiga na ji an ce, "Sannu da zuwa, mutumin Kano. Yaya gajiya?"

Wani gajeren mutum ne baƙi, da tawul a wuya. Sunansa Sailas. Ibo ne, amma a Kafanchan ya girma, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk "ya" ne, amma ba abin da ba ya iya faɗa. Tambayarsa ta farko ita ce ko har yanzu ana sayar da fura a tashar Zariya. Ya ce shekara goma sha biyar rabonsa da ita.

Kwana shida na yi ina bin Sailas, kuma abin da na koya a wajensa ya fi abin da na koya a shekara goma ina riƙe da zarto. Injin kamar hawa-hawan faranti ne na ƙarfe, tururi ke bi ta cikinsu yana gasa su. A zura falanki tsakanin kowane biyu, inji ya haɗe baki, a jira, a buɗe. Ya ce min, "Abu biyar ke sa falanki ya rabu. Ko falle bai bushe ba, ko faranti bai yi zafi ba, ko matsi ya yi kaɗan, ko an yi gaggawan buɗewa, ko gam. Za mu bi su ɗaya-ɗaya, kaman mai neman akuya a gidajen maƙwabta."

Ya fara da falle. In da ruwa a jikinsa, zafi kan mai da ruwan tururi, tururin ya nemi hanyar fita, shi ne bororo. Ya yanki guntu ya auna a sikeli, ya gasa, ya sake aunawa. Ya sami wasu da danshi saboda damina, ya sa aka mayar da su ɗakin busarwa. Bororo ya ragu, amma gefe bai daina buɗewa ba. Ya koma kan faranti. Ya ɗora gutsuren kakin zuma a kusurwa huɗu da tsakiyar kowanne ya ga ko za su narke tare. A faranti na uku kusurwa ɗaya ta makara. Ya kwance bututun tururin, ruwa mai tsatsa ya zubo, ya wanke ya mayar. Ranar muka yi murna, ya saya min gasasshiyar ayaba da kifi a bakin ƙofa. Da safe ya jiƙa sabon falanki a ruwan zafi, ya sa wuƙa tsakanin falle da falle, suka rabu salin-alin.

Ya nuna min wurin rabuwar. "Dubi. In gam ya kama, katako ne zai yage, ka ga gashinsa a manne. Wannan sumul yake kaman tafin hannu. Gam bai nuna ba."

Ya ƙara matsi, ya ƙara minti, duk a banza. A rana ta biyar ya ɗebo gam a cokali daga injin shafawa, ya ɗiga a kan faranti mai zafi, ya tsaya da agogo a hannu. Ya ce da can kafin ka karanta Fatiha uku ya daskare kamar dutse. Muka jira, muka jira, abu yana nan kamar kunu.

Na ce, "To me ake zubawa a ciki?"

Ya ce gam ɗin daga Turai yake zuwa a duro. Ana dama shi da fulawa don ya yi kauri ya kuma yi auki, sannan a zuba wani farin gari. "Wannan garin tsami yake sakewa in ya ji wuta. Gam ɗin nan sai da tsami yake kamawa. In ba tsami, ko kwana za ka yi kana gasa shi, ba zai yi ba." Shi a ganinsa farin garin ne ya tsufa. Ya je zai duba ɗakin damawa, mai siton masana'anta ya hana shi, ya ce kowa ya tsaya a aikinsa. Ni ina bayansa, ƙofa a buɗe. Na hango buhuna jere a jikin bango, kowanne da zanen allo da shuni.

Ban ce komai ba, don a lokacin ban ga laifi ba. Alhaji ɗan kasuwa ne, yana sayar wa wanda ya zo. Amma da na koma gida da la'asar, rana ta ɗan leƙo, na tarar an baza tabarmi a tsakar gida. Ma'aikatansa suna farfasa fulawar da ta dunƙule, suna tankaɗewa, wani yana barbaɗa wani toka-tokan gari yana juyawa. Na dangwala na ɗanɗana. Kanwa ce.

Ba sai an yi wa Bahaushe bayani ba. Kowace mace a garinmu ta san abin da kanwa ke yi wa tsami.

Na sami Alhaji a kan buzu bayan salla, na durƙusa na faɗa masa duk abin da na gani. Ya saurara har na gama. Ya ce ruwa ne ya shiga sitonsa na bakin tasha, fulawa ta jiƙe ta yi tsami, masu burodi suka ƙi ta. Mai siton masana'anta ya ce shi ba ci za a yi ba, a kashe warin kawai a kawo. "Wallahi Garba ban san gam yana da ciki irin na mutum ba. Daga yau ba za a ƙara ba. Gobe mai kyau za a kai musu."

Na ce, "Alhaji, to sai a gaya wa manaja. In ba haka ba mai injin za a ɗora wa laifin."

Ya ce, "Kai baƙo ne, jibi za ka hau jirgi. Ka san mutum nawa ke ci daga masana'antar nan? An rage musu kwanakin aiki saboda kayan da ake dawowa da su. Rabinsu a Diyobu suke kwana, katanga ɗaya da mu. Kowannensu yana da ɗan'uwan da ya gudo daga arewa da labari a bakinsa. Ka je ka ce Bahaushe ne ya zuba musu abu a gam. Ba za su ji kanwa ba, guba za su ji. Akwai mata da yara a gidan nan. Ka duba su, sannan ka je ka faɗa."

Har yau ban iya cewa ƙarya ya yi ba. Abin da na sani shi ne da ya faɗi haka sai na ji sanyi a raina, don ya ba ni dalilin yin abin da dama ya fi min sauƙi.

Kwana biyu bayan haka manaja ya tara mu a ofis. Sailas ya yi bayanin cokali da agogo. Mai sito ya ce gam daga Turai yake, shekara nawa ana aiki da shi, mai inji ne dai ya saki aikinsa, ga shi da bakinsa ya ce ya sami tsatsa a bututu. Manaja ya juyo wajena ya ce ni da na kwana shida a wurin, me na gani? Sailas da kansa ne ya yi min tafinta. Na ce, "Ni kafinta ne, ban san komai a harkar inji ba." Ya juya maganar zuwa Turanci kalma da kalma, bai rage ba bai ƙara ba.

Aka sallame shi ranar. Aka sa mataimakinsa a kan inji, ranar da aka fara dama gam da fulawa mai kyau. Falankin farko da ya fito aka jiƙa, aka sa wuƙa, katako ya yage gam bai saki ba. Kowa ya ce ai ga shi nan, an gano mai laifi.

Na neme shi a ɗakinsa a Diyobu. Yana ɗaure kaya, zai kai matarsa Agines da 'ya'yansu biyu gidan surukinsa a Inugu. Bai yi fushi da ni ba, wannan ne ya fi ci na. Ya ce, "Kai mene ne naka? Gaskiya ka faɗa, ba ka san inji ba." Abin da ke damunsa kawai shi ne bai gane abin da ya gyaru ba. Ya yi ta maimaitawa, "Ban taɓa komai ba a ranan nan. Me ya canja?"

A nan ya kamata in faɗa masa. Mu biyu ne a ɗakin. Maimakon haka sai na ce, "Ka zo Kano." Na ce muna da tebura da yawa da za a sake wa sama, muna bukatar wanda ya san gam, Yaya yana ta zancen sayen ƙaramin injin matsi na hannu. Duk gaskiya ne. Ya ce, "Kano yanzu?" Na ce ai an gama, mutanenku suna ta dawowa, shagunan Sabon Gari a buɗe na baro su. Na dafa ƙirji na ce yana hannunmu. Na rubuta wa Yaya takarda da ajami na ba shi. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya yi dariya ya ce to zai sha fura a Zariya.

Na fita daga ɗakin ina jin na biya abin da na ɓata.

Shi ya riga ni tafiya da kusan mako biyu, don sai da na jira aka gama buga falankina. Taragon kaya ya yi wuya, sai na ɗauki hayar gefen wata babbar mota da za ta bi ta Anacha, dama ina son sayen hinji da kusoshi a kasuwar can. Direban ya rubuta sunan Allah a goshin motar, amma tuƙinsa na wanda bai yarda da mutuwa ba ne. Kasuwar Anacha kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Mata ne da kasuwar. Wadda na sayi hinji a wajenta ta zaunar da mijinta a gefe yana ƙirga kusoshi, in ya yi magana ta ɗaga masa hannu. Na taya rabin kuɗi kamar yadda muke yi a Kurmi, ta ƙwace kayanta ta kira maƙwabtanta su zo su ga ɗan fashi da rana. Daga baya ta rage, ta ƙara min da goro. Na kwana biyu a unguwar Hausawa kusa da bakin kogi, wajen masu shanu. A nan na fara ganin mutane suna taruwa a gindin rediyo ba mai magana, wasu kuma suna sayar da tabarmi da tukwane da araha.

A Inugu na sauka a Obiyagu, gidan wani mahauci Haruna. A can aka haife shi, Ibo a bakinsa kamar ruwa. Na roƙe shi ya raka ni Kol Kam, tsohuwar unguwar masu haƙar kwal, in gai da iyalin Sailas. Surukin tsoho ne mai tari, kwal ya cinye masa ƙirji. Ya fasa goro, ya yi masa doguwar addu'a kafin a ci, abin da ya ba ni mamaki, mu da muke jefa shi a baki muna tafiya. Agines ta kawo wasiƙar da mijinta ya aiko. Ya isa lafiya, yayana mutumin kirki ne, ya sami ɗaki a Sabon Gari. Ta dafa min doya da manja a sabuwar tukunya, don Haruna ya gaya mata ba ma cin abin da ya taɓa alade. Ta ce in gaya masa ƙaramin ya fara tafiya.

Kwana biyu bayan nan jiragen farko suka fara isowa daga arewa. Ba zan kwatanta abin da aka sauke a tashar Inugu ba. Gari ya ɗauki kuka, daga kuka ya koma wani abu. Haruna ya shigo ya ce in bar komai. Falankina yana kan mota a tasha, ban ƙara ganinsa ba, ban kuma ƙara tunawa da shi ba sai bayan wata guda. 'Yan sanda suka kwashe mu zuwa bariki, muka kwana huɗu a fili, mata da yara da tsofaffin da suka manta hanyar garinsu. Ba kowa ne ya kai barikin ba. A rana ta uku aka ce ana nemana a bakin shingen waya. Agines ce, da goyo. Ta ratsa garin nan a yadda yake. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗi magana ɗaya, Haruna ya juya min: "Ta ce kai ka kai shi, kai za ka dawo da shi."

Aka zuba mu a jirgi da rakiyar 'yan sanda. Kafin Makurɗi muka tsaya a wata ƙaramar tasha don jirgin da ke gangarowa ya wuce. Ya wuce a hankali, taga na kallon taga. Mutane har kan rufi. Su suna kallonmu, mu muna kallonsu. Na leƙa ina duba fuska ɗaya-ɗaya, ina kiran sunansa, har wani dattijo ya ja rigata ya ce in zauna kada in jawo mana.

Daga tashar Kano ban je gida ba, shago na wuce. Yaya ya rungume ni, sannan ya zaunar da ni. Ya ce Sailas ya yi kwana goma sha ɗaya yana aiki. Ya ɗaye saman teburan da suka lalace, ya dafa gam na fata, ya haɗa matsi da katako da jak ɗin mota, ya gyara fiye da rabi. Da gari ya fara ɗaukar zafi Yaya ya ce ya kwana a shago, ya kwana biyu a bayan tarin katako. Ranar Asabar Sailas ya ce an ce akwai jirgin da zai kwashe su, gara ya je, iyalinsa suna can. Yaya ya ba shi riga da hula, ya raka shi har kusa da tasha, da ya ga sojoji sai ya juyo ya bar shi. Bayan la'asar aka fara jin harbi daga wajen.

Na je asibiti, na je ofishin 'yan sanda, na je ɗakin da ya kama a Sabon Gari, na tarar ba ƙofa. Na rubuta wa Agines wasiƙa uku. Kafin in sami abin faɗa a ta huɗu an rufe hanya, yaƙi ya fara.

Alhaji Tanimu ya iso Kano da iyalinsa duka, da kayan jikinsu kawai. Ya zauna a Fagge har ya rasu. Muna haɗuwa a masallaci, in gaishe shi, ya sa min albarka. Ko sau ɗaya ba mu tayar da zancen ba.

Shekara guda bayan an gama yaƙi na koma Inugu a mota. Hanya duk ramuka, gadoji na katako. Haruna ya riga ya koma, ya sake kafa teburin namansa, yana cikin 'yan kaɗan da suka fara komawa. Ya raka ni Kol Kam. Tsohon ya rasu, ƙaramin da ya fara tafiya shi ma bai kai ƙarshen yaƙin ba. Agines tana sayar da gishiri da ashana a ƙofar gida, ta rame har sai da ta yi magana na gane ta. Ta ba mu benci. Ta tambaye ni ko na gan shi, na ce ban gan shi ba. Ta tambayi inda ya kwana, da abin da ya ci, da ko an ba shi riga mai kauri. Na faɗa mata abin da Yaya ya faɗa min.

Sannan na ce wa Haruna ina da magana, ya juya mata duka. Na faɗi zancen buhuna da kanwa, da abin da na ce a ofishin manaja, da cewa mijinta bai yi kuskure ko ɗaya ba a kan injin nan, ni na sani tun kafin a kore shi, kuma da na buɗe baki da bai bar Fatakwal ba. Na daɗe ina magana, kaina a ƙasa. Da na gama Haruna ya juya ya yi mata magana da Ibo, gajeriya. Ta gyaɗa kai, ta ce wani abu, ta ƙulla min gishiri a takarda.

A hanya na ce masa, "Haruna, maganata ta fi haka tsawo. Me ka ce mata?"

Ya ce, "Na ce ka ce Allah ya ba ta haƙuri, mijinta mutumin kirki ne."

Na tsaya. Na ce mu koma.

Ya ce, "Garba, kai gobe kana Kano. Mu da ƙyar aka bar mu muka sake shimfiɗa tabarma a garin nan. Ba da bakina ba."

Na san hanyar gidan, ba nisa. Burokana ba ta da kyau, amma da na koma da ta isa a fahimce ni. Na tsaya a bakin titi ina juya abin, har yaran mota suka fara kiran Makurɗi, Jos, Kano. Na hau.